Koyon Saƙar Kwarashi daga Tushe: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Farawa a Legas

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin 'yan'uwa mata masu fara koyon saƙa a nan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, Obalende da Mile 12. Na jera su daga mafi sauƙi zuwa masu ɗan zurfi. Wadda ba ta taɓa riƙe kwarashi ba gara ta bi su a jere da zare a hannunta, domin saƙa ba ta shiga kai da karatu kawai, sai yatsu sun taɓa.

Anti, mene ne bambancin saƙar kwarashi da ta kibiya, kuma wacce ta fi sauƙin farawa?

Saƙar kibiya da tsinke biyu ake yin ta, kuma idanun layi, wato madaukan zaren da ke haɗuwa su zama saƙa, gaba ɗaya suna rataye a jikin tsinken a lokaci guda. Idan ɗaya ya suɓuce, yana iya warwarewa har ƙasa. Kwarashi kuwa guda ɗaya ne mai ƙugiya a baki, kuma madauki ɗaya tak ke zama a kansa. Kina gama ido ɗaya kafin ki shiga na gaba. Shi ya sa nake ba mai farawa shawarar kwarashi: in kin yi kuskure, sai ki zare kwarashin, ki ja zaren ya warware zuwa inda matsalar take, ki mayar da kwarashin ki ci gaba. Ba abin da ya lalace.

Saƙar kwarashi ta fi kauri kuma ta fi cin zare, saboda haka ta fi dacewa da hula, jaka, takalmin jarirai, shimfiɗar tebur da bargo. Ta kibiya ta fi laushi da miƙewa, ita ce ta rigar sanyi da safa.

Me da me zan saya kafin in fara?

Abu huɗu sun ishe ki: kwarashi ɗaya, dunƙulen zare ɗaya, ƙaramin almakashi, da allura mai faffaɗan ido mara tsini wadda zaren zai iya shiga. Ki ƙara da fil biyu ko uku irin na maƙale zani, za ki ga amfaninsu a amsar da ta shafi karkacewar gefe.

Girman kwarashi da milimita ake auna shi, kuma yawanci an rubuta lambar a jikinsa, wajen da babban yatsa ke zama. Ki nemi na milimita 5, ko 4.5 in ba ki samu ba, na ƙarfen alminiyom. Kada ki fara da siraran nan na baƙin ƙarfe da ba su kai milimita 2 ba. Su na saƙar leshi ne da siririn zare, kuma mai koyo ba ta ganin inda za ta soka su. Akwatin nan mai ɗauke da kwarashi goma sha biyu ma ki bar shi tukuna.

Zare kuma ya zama mai matsakaicin kauri, mai santsi, mai haske: ruwan madara, ruwan ƙwai, shuɗi mai haske ko ruwan hoda. Ina roƙon ki kada ki fara da baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, ko zare mai gashi-gashi, ko mai ƙyalli. Duk kyansu, ba za ki ga idanun saƙarki a cikinsu ba, balle da dare in an ɗauke wuta kina aiki da fitilar caji.

A ina ake samun kayan a Legas?

Shagunan kayan tela su ne wurin farko da za ki duba, kuma kusan kowace babbar kasuwa tana da layinsu: Tejuosho da kewayenta a Yaba, Balogun da Idumota a cikin tsibiri, Oshodi, da kasuwar Agege. Akwai kuma masu sayarwa ta Instagram da WhatsApp su aiko miki da ɗan saƙo, sai dai zaren farko gara ki taɓa shi da hannunki kafin ki biya.

Ki kula da abu ɗaya. A Legas akwai wata allura mai ƙugiya da ɗan marfi mai buɗewa da rufewa, wadda masu gyaran gashi ke amfani da ita wajen saƙala gashin kanti a jikin kitso, kuma suna ɗaya ake kiran su da shi a kasuwa. Idan kika aiki yaro ko maigida ba tare da bayani ba, ita za a ba shi. Ba ta saƙa ba ce. Ki ajiye hoton kwarashi a wayarki ki nuna wa mai shago, ki ce mara marfi kike so. Farashi kuwa yana canzawa kullum, don haka ki zaga shago biyu ko uku kafin ki saya.

Ulu ko zaren auduga, wanne ya fi?

Abin da muke kira ulu a kasuwa, mafi yawansa ba gashin tumaki ba ne, akirilik ne, wato zaren roba da ake yi a masana'anta. Yana da araha, yana da ɗan miƙewa, yana jure warwarewa da sake saƙawa, kuma yana bushewa da wuri. Don koyo babu kamarsa. Aibinsa biyu ne: yana riƙe zafi a jiki, kuma yana narkewa idan ya haɗu da wuta ko dutsen guga. Kada ki taɓa saƙa abin sauke tukunya da shi.

Auduga ita ce ta dace da zafin Legas da gumin da ake yi. Tana shan ruwa, ba ta narkewa, iska tana ratsa ta. Amma ba ta miƙewa, saboda haka tana gajiyar da hannun da bai saba ba. Shawarata ki koya da ulu, in hannunki ya faɗa ki koma auduga don hular sallah, rigar yara da kayan kicin.

Ulun da ya fi yawa a kasuwanninmu siriri ne, har mata da yawa sukan haɗa shi biyu su saƙa. Wannan dabara ce mai kyau ga wadda ta iya, amma mai koyo za ta riƙa kamo ɗaya tana barin ɗaya. In siririn kawai kika samu, ki bar shi tilo ki sayi kwarashi milimita 3 ko 3.5. In kuma zaren yana da takarda a jiki, ki karanta ta: akan rubuta nauyinsa, giram 50 ko 100, da girman kwarashin da ya dace da shi, da lambar rini. Idan za ki yi babban aiki, ki sayi duk abin da kike buƙata lokaci ɗaya mai lambar rini iri ɗaya, don launi ɗaya yakan ɗan bambanta daga wannan rini zuwa wancan.

Yaya ake riƙe kwarashin da zaren?

Riƙo biyu ne sanannu: ko ki riƙe shi yadda kike riƙe biro, ko ki ɗora hannu a kansa yadda kike riƙe wuƙa. Duka daidai ne. Ki gwada su, wanda hannunki ya fi sakewa da shi shi ne naki.

Ɗaya hannun ne ma ya fi aiki, ko da yake ba a cika lura da shi ba. Ki naɗa zaren da ke fitowa daga dunƙule sau ɗaya a ƙaramin yatsanki, ki bi da shi ta ƙarƙashin yatsu biyu na tsakiya, ki ɗora shi a kan manuniya. Babban yatsa da na tsakiya su riƙe aikin dab da kwarashi. Manuniya ita ke ɗagawa ko saukowa don zaren ya zama a miƙe ba tare da ya ɗaure ba. Kwanakin farko za ki ji kamar yatsun ba naki ba ne. Haka kowa ke ji, kuma yana wucewa.

Yaya ake ɗaura ƙullin farko da yin sarƙa?

Ƙullin farko ƙullin zarge ne, wanda ke matsewa idan an ja shi. Ki bar jelar zare kamar santimita 15, ki yi da'ira da zaren, ki zura yatsu biyu ta cikinta ki jawo zaren da ke zuwa daga dunƙule har ya zama madauki. Ki saka kwarashi a madaukin, ki ja a hankali har ya kama jikin kwarashin, amma ya iya zamewa gaba da baya.

Sarƙa ita ce harsashin kusan kowane aiki. Ki naɗa zare a kan kwarashi daga baya zuwa gaba, ki juya bakin ƙugiyar ya kalli ƙasa, ki jawo zaren ta cikin madaukin da ke kan kwarashi. Ido ɗaya ke nan. Ki maimaita. Bayan kowane ido uku ko huɗu ki matso da yatsun da ke riƙe aikin sama kusa da kwarashi, in ba haka ba idanun za su riƙa girma suna ƙanƙancewa. Sarƙa mai kyau tana fita kamar kitson da aka yi da hannu ɗaya, kowane ido daidai da ɗan'uwansa. Idan kika dube ta daga gaba za ki ga jerin harafin V, kowane V ido ɗaya ne. Ƙullin farko ba ya cikin lissafi, madaukin da ke kan kwarashi ma ba a ƙirga shi, a sarƙa ko a kowane irin saƙa.

Ki yi sarƙa mai tsawon hannu, ki warware, ki sake, har sai kin iya yi kina hira. Wadda ta yi gaggawa a nan takan dawo baya.

To ita gajeriyar saƙar da ake cewa a fara da ita, yaya ake yin ta?

Wannan ita ce zuciyar maganar, kuma in kin iya ta da kyau, sauran duk ƙari ne a kanta. Ki yi sarƙa mai ido 11. Ki tsallake ido na farko da ke dab da kwarashi, ki soka kwarashin a cikin na biyu. Ki naɗa zare, ki jawo shi ta cikin idon sarƙar kawai. Yanzu ki tsaya ki duba: madauki biyu ne a kan kwarashinki. Ki sake naɗa zare, ki jawo shi ta cikin madaukan biyu gaba ɗaya. Saura madauki ɗaya. Kin yi gajeriyar saƙa guda. Ki shiga ido na gaba ki maimaita: soka, naɗa, jawo, naɗa, fitar ta cikin biyu. Wasu sukan faɗi kalmomin nan biyar a baki yayin da suke yi, kuma yana taimakawa sosai. Idan kin kai ƙarshen sarƙar, ido 10 za ki samu, domin wanda kika tsallake shi ne ya ba layin tsayinsa.

Layin farko shi ne mafi wuya a duk aikin, ki san da wannan tun yanzu don kada ki karaya. Sarƙa siririya ce, tana murɗewa, ba ta da wurin riƙewa. Daga layi na uku aikin zai zauna a hannunki, ki ji daɗinsa.

Ki ɗaga layin da kika gama ki kalle shi ta sama. Za ki ga kowane ido yana da nasa V a kwance a kansa, zare biyu ke nan, na gaba da na baya. A layukan da za su biyo, ƙarƙashin waɗannan zare biyun duka za ki riƙa soka kwarashi. Idan kika kama ɗaya kawai, wani ɗan layi zai fito a jikin saƙar. Ana yin hakan da gangan don ado, ko don bakin hula ya yi roba, amma yanzu ba shi muke nema ba.

Na kai ƙarshen layi, sai me?

Ki yi idon sarƙa ɗaya, ki juya aikin yadda bayansa zai fuskance ki, kwarashi yana nan a madaukinsa. Wannan sarƙa ɗaya ta hawa ce kawai, ba a ƙirga ta a matsayin ido a gajeriyar saƙa. Ki soka a ido na farko da ke gindinta, ki bi layin har ƙarshe. Ki riƙa juyawa ta ɓangare ɗaya kullum, gefen zai fi fita tsaf.

Aikina yana tsukewa yana zama kamar dala, ko kuma yana faɗaɗa. Me ke jawo haka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma amsarta kusan kullum ɗaya ce: adadin idanu ya canza ba ki sani ba. Idan aikin yana tsukewa, kina tsallake ido na ƙarshe a layi. Wannan idon yakan kwanta ya karkata gefe, ya yi kama da ƙulli, sai mai koyo ta ɗauka ta gama ta juya. Kowane layi ana rasa ɗaya, kafin layi na takwas abin ya zama tsini. Idan kuma yana faɗaɗa, ko dai kina soka sau biyu a ido ɗaya, ko kina saƙa a cikin sarƙar hawa da aka yi bayaninta a amsar da ta gabata.

Maganin shi ne ƙirga. Duk layin da kika gama, ki ƙirga V ɗin da ke samansa kafin ki juya. Kin fara da 10, dole ki ƙare da 10. Sannan ki ɗauko fil ɗin nan, da zarar kin yi ido na farko a layi ki maƙala shi a jikin V ɗinsa. Idan kin juyo kin dawo, inda fil yake nan ne idonki na ƙarshe. Na san ƙirga tana da gundura, musamman ga uwa mai yara suna kiran ta ta ko'ina, amma ban san wata hanya da ta fi ta ba. Waɗanda suka shekara ashirin suna saƙa ma suna ƙirgawa.

Akwai kuma lanƙwashewa, inda gefen ƙasa ya fi na sama gajarta har aikin ya yi baka. Wannan daga sarƙar farko ce da ta matse. Duba amsa ta gaba.

Saƙata tana matsewa har kwarashi ba ya shiga. Yaya zan yi?

Dalili biyu ne. Na farko, tsoro: kina damƙe zaren don kada ya kuɓuce. Ki sauke kafaɗunki, ki sassauta naɗin da ke ƙaramin yatsa. Na biyu, kina yin idanun a wuyan kwarashi, wajen da ya sirance kusa da ƙugiya. Kaurin jikin kwarashi shi ke ba ido girmansa, don haka kowane madauki ki tura shi ya hau jikin sosai kafin ki ci gaba. Kuma bayan kin gama ido, kada ki ja zaren don ki gyara shi.

Idan sarƙar farko ce kawai ke matsewa, ki yi ta da kwarashin da ya fi naki girma da milimita ɗaya, sannan ki koma naki a layin farko. Wadda saƙarta ke sakwarkwacewa kuma, ta ƙara naɗi ɗaya a ƙaramin yatsa ko ta rage girman kwarashi.

Me ya sa zaren ke tsagewa a bakin ƙugiya?

Zare siraran igiyoyi ne da aka murɗe tare, kuma ƙugiya tana shiga tsakaninsu idan bakinta yana kallon sama lokacin jawowa. Ki juya shi ƙasa. In abin ya ci gaba, ki shafa bakin kwarashin da yatsa ko yana da kaushi, ko kuma zaren ya gaji da warwarewa, ki yanke wajen ki fara da sabo.

Idan zare ya ƙare, ko ina son canza launi, ƙulli zan yi? Kuma yaya ake rufe aiki?

Ƙulli yana fitowa fili, kuma yakan kwance a wanki. Ga yadda ya fi: ki fara idon ƙarshe da tsohon zare har madauki biyu su hau kwarashi, sai ki ɗauko sabon zaren ki jawo shi ta cikin biyun. Ki ci gaba da sabon. Ki bar jela santimita 15 a kowanne.

Rufe aiki kuwa, ki yanke zaren ki bar irin wannan jelar, ki jawo ta gaba ɗaya ta cikin madaukin ƙarshe, ki ja ya ɗaure. Sai ki zura kowace jela a allurar nan mai faffaɗan ido, ki bi da ita ta cikin idanun bayan aikin kamar santimita 5, ki juyo ki dawo ta wata hanyar, sannan ki yanke. Kada ki yanke jela dab da ƙulli don kin gaji. A nan ake gane aikin da zai daɗe, kuma mai saye da ta san saƙa bayan aiki take fara juyawa ta duba.

Yaushe zan wuce zuwa doguwar saƙa?

Ranar da kika saƙa murabba'i mai ido 15 da layi 15, gefensa a miƙe, adadinsa bai canza ba. Daga nan doguwar saƙa ba za ta ɗauke ki yini ɗaya ba. Bambancinta shi ne kina naɗa zare tun kafin ki soka. Ki naɗa, ki soka, ki naɗa, ki jawo: madauki uku. Ki naɗa ki fitar ta cikin biyu: saura biyu. Ki naɗa ki fitar ta cikin biyun. Tsayinta ya kai ninki biyu na gajeriya, don haka aiki yana sauri, saƙar kuma ta fi laushi da ramuka. A kan sarƙar farko daga ido na huɗu ake fara ta, sarƙar hawanta uku ce, kuma yawanci ana ƙirga waɗannan ukun a matsayin ido ɗaya, saɓanin abin da muka faɗa a kan gajeriya.

Tsakaninsu akwai matsakaiciya: ki naɗa, ki soka, ki naɗa, ki jawo, sai ki sake naɗawa ki fitar ta cikin madaukai ukun a tashi ɗaya. Sarƙar hawanta biyu ce.

Ina bin bidiyo a YouTube amma abin da nake samu ya bambanta da nasu. Laifina ne?

Sau da yawa ba naki ba ne. Masu saƙa na Amurka da na Ingila suna amfani da sunaye iri ɗaya ga abubuwa daban. Gajeriyar saƙarmu, a rubutun Amurka sc ake taƙaita ta, a na Ingila kuma dc. Doguwar kuwa, Amurka dc take rubutawa, Ingila tr. Kin ga ke nan dc tana nufin gajeriya a wani wuri, doguwa a wani wurin. Hanya mai sauƙi ta ganewa: duk tsarin da kika ga sc a cikinsa na Amurka ne, domin Ingila ba ta amfani da shi. Sarƙa kuwa ch ce a wajen kowa.

A bidiyo ki bar sauraron suna, ki kalli hannu: an naɗa zare kafin a soka ko ba a naɗa ba? YouTube yana da wurin rage saurin bidiyo zuwa rabi, ki yi amfani da shi. In data tana miki tsada, ki sauke bidiyo ɗaya ki yi ta maimaita shi maimakon tsalle daga wannan zuwa wancan.

'Yata bahaguwa ce. In tilasta mata dama?

A'a, don Allah ki bar ta. Ci da sha da dama ladabi ne da muke koya wa yaranmu, amma saƙa aikin hannu ne, kowa da hannun da Allah Ya ba shi ƙarfi. Za ta riƙe kwarashi da hagu, zare da dama, ta riƙa saƙa daga hagu zuwa dama. Ki zaunar da ita gabanki kuna fuskantar juna maimakon gefenki, ta kwaikwayi abin da take gani. Akwai kuma bidiyoyin da aka yi musamman don bahagwai.

Me zan fara saƙawa? Ni hula nake so.

Ki fara da abu mai kusurwa huɗu: matashin kofi, jakar waya, ko jakar ajiye carbi. Jakar waya dogon yanki ne kawai da za ki ninka biyu ki ɗinke gefensa. Za ki gama a kwana biyu ko uku, kuma ganin abin da kika gama da hannunki yana ƙara ƙarfin gwiwa fiye da bargon da zai kai wata shida.

Hula a zagaye ake saƙa ta, daga tsakiyar kai zuwa ƙasa. Ki yi sarƙa biyu, ki saƙa gajeriya 6 a cikin ido na biyu daga kwarashi. Zagaye na biyu, biyu-biyu a kowane ido: 12. Na uku, ɗaya sannan biyu: 18. Na huɗu 24, na biyar 30, kullum ana ƙara shida. In kin ƙara ƙasa da haka da'irar za ta zama kwano tun da wuri, in kin wuce haka bakinta zai yi tattara. Ki maƙala fil a idon farko na kowane zagaye. Don sanin inda za ki daina ƙari, ki auna kewayen kan mai hular da tef ɗin tela, ki raba da 3.14. Kan da ya kai santimita 56 zai ba ki kusan 18, sai ki rage santimita ɗaya saboda saƙa tana miƙewa. Idan faɗin da'irarki ya kai haka, ki ci gaba da ido ɗaya a kowane ido ba ƙari, bangon hular zai sauko da kansa.

In ta jariri ce, kada ki ɗinka mata duwatsun ado ko maɓalli da zai iya cirewa ya kai baki, kuma kada ki sa mata doguwar igiya. Ki kuma tuna Legas ba Jos ba ce. Hular ulu mai kauri a kan jariri da tsakar ranar watan Maris wahala ce gare shi, auduga ta fi.

Yaya ake wanke kayan saƙa da ajiye zare a wannan damshi na Legas?

Ki wanke da hannu a ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ki matse a hankali ba tare da murɗawa ba. Ki naɗe shi a tawul ya tsotse ruwan, sannan ki shimfiɗa shi a kwance a inuwa mai iska. In kika rataye shi a igiya da ruwa a jiki, nauyin ruwan zai ja shi ya yi tsawo. Ulu kada dutsen guga ya taɓa shi, kamar yadda aka faɗa a amsar ulu da auduga.

Daminar Legas doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma auduga tana saurin yin fumfuna da wari in an ajiye ta da laima. Ki tabbata abu ya bushe ƙarau kafin ki ninke shi. Zare kuma ki zuba shi a roba mai murfi, ki ɗaga ta daga ƙasa, musamman a unguwannin da ruwa ke shiga ɗaki. Kwarashin baƙin ƙarfe yana tsatsa, ki goge shi bayan aiki.

Hannuna da wuyana suna ciwo. Haka ake yi?

'Yar gajiya a makon farko ba abin damuwa ba ce. Ki riƙa tsayawa duk bayan rabin awa, ki miƙe yatsu, ki juya wuya, ki kalli nesa. Ki jingina bayanki, ki ɗora matashi a cinya don aikin ya taso kusa da ido maimakon ki sunkuya. Kwarashi mai kaurin mariƙi yana rage ciwon yatsu, in ba ki da shi ki naɗa wa naki ƙyalle. Idan kuwa kina jin yatsu suna dindiris, ko ciwon ya ƙi tafiya bayan hutun kwanaki, ki ajiye saƙar ki je asibiti.

Maza suna iya koya? Kuma ana samun abin rufin asiri da ita?

Suna iyawa. A Arewa mun san maza da aikin zare tun tuni, masaƙa da maɗinkan hula da masu aikin babbar riga, kwarashi ma zare ne da hannu. Ɗan kasuwa da ke zaman jiran mai saye a shagonsa zai iya saƙa hula a zaune.

Batun kuɗi kuwa, saƙar kwarashi ta taɓa riƙe gidaje: lokacin yunwar da ta afka wa ƙasar Ailan daga 1845, mata da yawa da leshin kwarashi suka ciyar da iyalansu. A Legas yau akwai masu sayen jaka, kayan jarirai na suna, huluna da riguna, kuma ba Hausawa kaɗai ba. Amma ina gargaɗin ƙannena da abu ɗaya: kada ki karɓi aikin kuɗi kafin gefen saƙarki ya miƙe, kina kuma ɓoye jela yadda aka bayyana a sama. Idan kin fara sayarwa, ki rubuta kuɗin zare, kuɗin motar zuwa kasuwa da dawowa, da awannin da aikin ya ci, sannan ki yanke farashi. Aikin da aka ba ki na musamman, ki karɓi kuɗin zarensa tun kafin ki ɗaura ƙullin farko, ki kuma faɗi ranar gamawa da kika san za ki iya cikawa, ki ƙara kwana biyu a kai saboda wuta da hidimar gida.